Awa Tamanin ɗin Shugaba Bang

Ranar da aka yanke wa Bang Dalsu hukunci ina wurin, don ni na raka matarsa Sunok kotu. Ƙawata ce tun muna 'yan firamare, kuma shagona na niƙan barkono ya yi shekara ashirin da shida yana kallon ofishinsa na dillancin gidaje, saboda haka babu ƙaryar Dalsu da ban ji da ɗuminta ba. Mutum ne mai baƙin gashi wuluk na rini da murya kamar lasifika. Shi ne shugaban masu hawan dutse na garinmu Solgol, ƙungiyar da ba ta taɓa wuce rumfar farko ta gindin dutsen ba, inda ake sayar da makkoli, farar giyar nan ta shinkafa.

Daga rumfar nan ya taso wata Lahadi da rana tsaka, giyar ta kai masa karo. Abokansa suka ce ya kira direban da zai tuƙa masa motarsa gida kamar yadda kowa ke yi, ya ce shi da ya shekara talatin yana tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba? Bai take kaza ba kuwa. Rumfar jiran bas ta bakin makaranta ya kwashe gaba ɗayanta. An yi sa'a ba kowa a ciki.

Alƙali ya ce tunda karon farko ne, ɗaurin wata shida, amma an jingine. Zai zauna darasin tuƙi na awa arba'in, ya yi wa jama'a aikin awa tamanin, duka kafin ƙarshen Nuwamba. Lasisi kuwa an karɓe. In ya karya sharaɗi, a ɗauko wata shidan nan a ɗora masa.

Muna fitowa ya gyara wuyan kwat ya dube ni.

"Kin gani ko, Yaya? Alƙalin nan ya san mutane. Kallo ɗaya ya yi mini ya gane wannan ba na kurkuku ba ne, na taimakon ƙasa ne."

Na ce, "Ni dai abin da na ji, cewa ya yi ka ji kunya."

"Wannan ai takarda yake karantawa, kowa haka ake gaya masa."

Sunok ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baban Miran, bikin 'yarka ashirin ga Disamba ne. In ka kuskura aka kulle ka, wa zai riƙe hannunta ya shiga da ita zauren biki? Ita kaɗai gare mu."

Nan ya ɗan yi shiru, don duk shirmen Dalsu yana son yarinyar nan kamar ransa. Miran tana aiki a Seoul, ba ta san komai ba. Amma shirun bai kai mu tashar bas ba.

"Ba wanda zai gaya wa Miran, ba wanda zai gaya wa surukai. Na riga na tsara komai. Daga yau na kafa Ƙungiyar Masu Farar Zuciya ta Solgol, ni ne shugaba. Duk wanda ya gan ni ina shara ko ɗaukar kaya, aikin sa kai ne."

"Su wa ye 'yan ƙungiyar?" in ji ni.

"Gwamnati ce za ta ba ni su."

Kafin sati ya zagayo ya buga kati ɗari biyar mai ruwan zinare. Ya kuma sa an rataya ƙyalle a kan babbar hanya, daga wannan turken lantarki zuwa wancan, an rubuta: Muna Taya Shugaba Bang Dalsu Murnar Sadaukar da Kai ga Jama'a. A ƙasa aka sa wai daga mazauna Solgol. Mu mazauna Solgol a kan hanyar kasuwa muka fara ganin abin da muka rubuta.

Labarin ranar farko a ofishin masu sa ido kan irinsu, daga bakin Sunok na ji shi, don ita ta raka shi a bas. Jami'ar da aka haɗa shi da ita sunanta Malama Pyo, 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Dalsu ya dire mata kwalin lemon ƙarin kuzari a kan tebur, ya miƙa kati da hannu biyu. Ta tura masa kwalin da bakin biro.

"Ba ma karɓar komai, Malam Bang."

"Haba, ɗan abin jiƙa maƙoshi? Wace shekara aka haife ki, 'yata?"

"Ba ya cikin abin da ya kawo ka."

"Sa'ar Miran ce ke, na gani a fuska. To ki ɗauke ni uba."

"Na ɗauke ka mai lamba goma sha bakwai. Ba a makara. Ba a barin wurin aiki sai da izini. Ba a zuwa da warin giya, ba a sha a wurin. Sitiyari kuwa ko a mafarki. Gargaɗi biyu nake rubutawa. Na uku ba gargaɗi ba ne, takarda ce zuwa ga alƙali."

Ta miƙo masa falmaran ruwan ɗorawa, an rubuta sunan ofishin ɓaro-ɓaro a baya. Ya juya ta ya sake juyawa, ya tambaya ko ana iya ɗora kwat a kai saboda sanyi. Ta ce ana iyawa. Ya fito yana gaya wa Sunok wai ya gama da yarinyar, a tafin hannunsa take.

Aka fara da darasi. Ranar farko sau goma sha ɗaya ya ɗaga hannu yana gyara wa malami. Rana ta biyu ya yi barci har da minshari. Rana ta uku da safe sai ga shi a shagona, ya zauna a kan buhun barkono ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na ce, "Baban Miran, ba yau kake da darasi ba?"

"Ina can."

"Kana ina?"

"Ina can a zaune, layin gaba ma. Yaya, ke ki duba. In mutum ya sha, me doka ta ce? Ya kira wani ya tuƙa a madadinsa. Rashin yin haka ne ya kai ni kotu, ko ba haka ba? To na ɗauki darasi. Wannan ma ai zancen tuƙi ne, sai na kira direba."

Ashe Tak ya tura, tsohon direban kira na unguwarmu, mai shekara sittin da takwas da sanƙo tal. Tak mutum ne mai riƙon amana. Aka kira Bang Dalsu, Tak ya amsa da ƙarfi, ya fito da littafi yana rubuta duk abin da malami ya faɗa. Malama Pyo ta zo ta tsaya a kansa, ta dubi hoton da ke fayil, ta dubi kan da ke gabanta.

"Malam Bang, ina gashinka?"

Tak ya shafa kai ya ce, "Damuwa ce, 'yata. Hukuncin nan ya taɓa ni sosai."

Ta danna lambar wayar da ke fayil. Wayar ta yi ƙara a shagona, injin niƙa yana ta ruri, gogan naka ya ɗauka da muryar nan tasa: "Bang Dalsu ke magana, Shugaban Masu Farar Zuciya!" Ina kallo ƙafar da ke sama ta sauko a hankali. Gargaɗi na ɗaya ke nan, kuma ta ce ta yi masa sassauci ne don Tak ya roƙa. Darasi aka ce ya faro daga farko, abin da ya cinye masa sati guda cikin kwanakin aikinsa.

Aikin farko da aka ba shi da sauran masu hukunci irin nasa rabon curin kwal ne a unguwar kan tudu, inda tsofaffi har yanzu da shi suke ɗumama ɗaki. Mota ba ta hawa, sai matakala. Yadda ake yi tun kakanni shi ne a jeru, wannan ya miƙa wa wannan har a kai ƙofa. Ranar na kai wa Kaka Yom garin barkononta, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu da bakin da ba ya tsufa, don haka a kan idona aka yi.

Dalsu ya zo da usur a wuya. Ya busa ya ce, "'Yan ƙungiyata, a matso!"

Wani ƙato da aka yanke wa aiki saboda dambe a gidan rawa ya ce, "Wace ƙungiya kuma, Baba?"

"Za ka gane a hankali. Wannan miƙa-miƙan aikin mata ne. A soja buhun shinkafa biyu nake goyawa in hau dutse ina waƙa."

Ya jawo katakon goyon kaya ya sa aka jera masa curi ashirin. Ƙaton ya ce goma ma sun isa, ya ce a ƙara biyu don mai gardama. Ya miƙe da ƙyar, ƙafafu suna rawa, ya fara waƙar soja. Matakala takwas ya hau da gaba, ta tara da baya ya yi ta. Ya bi ta kan guntuwar katangar Kaka Yom ya sauka a tsakiyar randunanta, randar daddawar waken soya da ta shekara uku tana nuna ta dare gida biyu, ya zauna daram a ciki, kwal yana ta sauko masa a ka.

Kaka ta fito da ludayi.

"Ɗan wa ye wannan? Shekara uku! Tun mijina na da rai na dama ta!"

"Kaka, a yi haƙuri, ƙungiya za ta..."

"Ƙungiyar uwaka! Kai ne mai ƙyallen kan hanya ko? Tashi mini daga cikin abinci!"

Ta sauke masa ludayi uku kafin ya samu ƙofa. Da ya ga mutane sun fara leƙowa ta taga, ga shi baƙi ta sama ja ta ƙasa, sai ya zame ta lungu ya nufi gidan wankan ruwan zafi na unguwa. Awa biyu ya yi a ciki. Ya fito fes yana tururi, da dafaffen ƙwai a hannu, ya tarar da Malama Pyo zaune a bencin bakin ƙofa da fayil a cinya.

"Na tsarkake jiki ne don martabar ofishinku," in ji shi.

"Na biyu," in ji ta.

Daga ranar Dalsu ya shiga taitayinsa, ban taɓa zaton yana da shi ba. Ya share titi, ya wanke tagogin gidan marayu, ya tsinci tuffa a gonar wani da ya karye. Ƙarfe takwas da rabi yana bakin aiki. Awa ta yi ta raguwa har saura takwas, kuma suka faɗo a ranar ƙarshe ta Nuwamba, ranar gayyar da ake yi a zauren tsofaffin gari don haɗa kimci, kabejin nan da ake cuɗawa da barkono a ajiye saboda hunturu. Ko minti ɗaya ba shi da na asara.

Amma ƙyallen nan yana kan hanya yana aikinsa. Dattijo Gil, uban saurayin Miran, ya wuce ta ƙarƙashinsa da motar kabejinsa. Manomi ne daga kan tsaunuka, shekara saba'in da uku, ya yi mai unguwa shekara ashirin, kuma waɗanda suka san shi sun ce sau biyu aka taɓa ganin haƙoransa. Ya bugo waya ya ce ya ji daɗin haɗa zuri'a da mutumin kirki. Zai ba da kabeji dubu, an riga an jiƙa da gishiri, kuma da kansa zai kawo ranar gayya.

Sunok ta ce, "Ka kira shi yanzu ka faɗa masa gaskiya, tun abin bai yi wari ba."

"Awa takwas ce fa kawai. Wanda ya haye kogi zai nutse a kwata?"

"Kai dai na san ka, a cikin kofi ma kana iya nutsewa."

Ranar gayya tun da sassafe tsakar zauren ta cika. Mata kusan arba'in da jajayen safar hannu na roba, manyan bahuna cike da haɗin barkono da tafarnuwa, barkonon kuwa nawa ne. Motar Dattijo Gil ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Ya sauko ta wannan gefe, ta ɗaya gefen kuma sai ga Miran. Wai ta ɗauki hutu ne ta zo ta ga aikin alherin babanta. Ta rungume shi tana cewa, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Har hoton ƙyallen na nuna a ofis."

Malama Pyo tana tsaye da fayil tana kiran lamba. Dattijo ya tambaya wace ce.

"Sakatariyar ƙungiya ce, ranka ya daɗe. Yarinya mai ƙwazo, ni nake horar da ita."

Ta dube shi ta saman tabarau. Aikinta ya hana ta tona asirin kowa, don haka ta rusuna wa Dattijo kawai, ta ce za ta duba wani wurin ta dawo da rana.

Aka kama aiki. Dalsu ya tsaya nuna wa matan da suka shekara hamsin suna haɗa kimci yadda ake shafa barkono a ganye, ya sosa ido da safar, sai da aka kai shi famfo. Rana ta ɗaga, kowa ya tuɓe rigar sanyi, shi yana cikin kwat an ja zif har haɓa, gumi yana ɗiga daga hancinsa.

"Baba, cire kwat ɗin mana."

"Sanyi nake ji, Miran. Gumin sanyi ne wannan, ba ki san shi ba."

Sha biyu ta yi aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo dafaffen naman alade da sabon kimci. Sai Dattijo Gil ya tafi mota ya dawo da wata babbar buta. Ya ce makkoli ne da matarsa ta yi kwana goma tana haɗawa da hannunta, musamman don suruki. Ya zauna ya miƙa wa Dalsu kwano.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Babba ya zuba maka, ba a cewa a'a, balle uban mijin 'yarka, balle a gaban jama'a. Dalsu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuska gefe kamar yadda ƙarami ke yi in zai sha a gaban babba. Gefen da ya juyo ni ce a zaune. Ya kai kwano baki, ya kare da gwiwar hannu, ya ja bakin dogon takalmin robarsa ya tuttule a ciki. Ya juya yana goge baki.

"Kai! Wannan hannun Inna ya iya!"

Ya zuba wa Dattijo, Dattijo ya shanye ya sake zuba masa. Uku suka tafi takalmin hagu, da ya cika biyu suka tafi na dama. Giyar nan daga cikin sanyin mota ta fito, ina ganin haƙoransa suna haɗuwa. Ya harare ni, ni kuwa na cusa nama a baki don kada dariya ta kashe ni.

Dattijo ya ce, "An gaya mini kai gwani ne. Kwano biyar, ko ja fuskarka ba ta yi ba."

"Gado ne, ranka ya daɗe. Kakana da tulu yake sha."

Aka tashi komawa aiki. Dalsu ya taka, takalmi ya ce cakwal. Ya sake takawa, cakwal.

"Ƙarar me ce wannan?" in ji Dattijo.

"Gwiwa ce. Tsohon ciwon soja."

Daidai nan Malama Pyo ta shigo. Taku uku tsakaninsu ta tsaya ta ja hanci. Ta matso ta yi ƙasa da murya, amma ni kunnena injin niƙa bai kashe shi ba.

"Malam Bang, warin giya kake."

"Sakatariya, a bar maganar ofis sai an tashi."

"Ko ka busa, ko in rubuta."

Ta fito da 'yar na'urar gwaji daga jaka, ta ja shi bayan mota don a yi a rufe. Ina! Kaka Yom ta riga ta hango, ta bi su da sandarta, tsakar gida kaf ta bi Kaka.

Dattijo ya ce, "Yau na ga abu. Sakatariya ce ke gwada shugaba?"

"Dokar ƙungiya ce, ni na kafa ta da kaina. Shugaba shi ke fara ba da misali."

Ya busa. Kaka ta cusa kai ta karanta da ƙarfi, "Sifili!"

Dalsu ya yi ajiyar zuciya, har ya fara murmushi. Dattijo ya ce, "Na'urar nan ta lalace, 'yata. Kwano biyar na zuba masa da hannuna. Kawo in gani." Ya karɓa ya busa, abin ya ɗauki kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya miƙa mata, ya juyo a hankali.

"To ina giyata?"

Kaka Yom ta nuna ƙasa da sanda. Tun daga tabarma har bayan mota farin sawu ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Cire takalmin, ɗan nema." Ya cire na hagu. Ta karɓa ta kifa, makkoli ya zubo shaa a kan siminti, har da safarsa a ciki.

Da wani ne, da nan ya tsaya. Dalsu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, likita ne ya hana ni, hanta ce. Na ji nauyin mayar da hannunka ne." Kuma abin haushi, ƙaryar ta kusa shiga. Dattijo ya ɗaure fuska ya ce da ya faɗa tun farko, ai lafiya ta fi komai.

Sai ga hon daga waje. Motar da za ta kwashi kimci ta raba wa gidajen tsofaffi ce ta iso, motar kabeji ta tare ƙofa. Dattijo ya laluba aljihu.

"Ni na sha, ba zan taɓa ta ba. Kai ba ka sha ba, kuma an ce duk Solgol babu direba irinka. Ungo, ɗan matsar da ita gaba."

Taku goma ne kawai za a matsar. Mutum hamsin suna kallo, Miran tana cewa, "Baba, nuna musu." Na ji ƙarar murfin biron Malama Pyo. Gaskiya a nan dariyata ta ɗauke, tausayinsa ya kama ni, don na san mutumin nan ya gwammace a yanke masa hannu da a ce ba ya iyawa. Ya karɓi makulli. Ya taka da takalmi ɗaya, ya buɗe ƙofa, ya ɗora ƙafar da ba takalmi a kan matakin mota.

Sunok ta ce, "Baban Miran." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya waiwayo ya dubi 'yarsa. Sannan ya sauko, ya ja zif ɗin kwat, ya tuɓe, ya juya wa jama'a baya don kowa ya karanta abin da ke jikin falmaran.

"Ba ni da lasisi, ranka ya daɗe," ya ce, kuma ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba. "Babu wata ƙungiya. Kotu ce ta sa ni. Na sha na yi tuƙi na rushe rumfar bas ta bakin makaranta. Wannan ba sakatariyata ba ce, ita ke tsaron kaina. In na juya makullin nan, ranar bikin ina kurkuku."

Kaka Yom ta ce, "Ai mu duk mun sani." Wata ta toshe mata baki.

Miran ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ta bakin makaranta, Baba? Shekara goma sha biyu a nan nake zama in jira bas." Ta juya ta koma can ƙarshen layin mata, ta sa safarta.

Dattijo Gil ya zare makullinsa daga hannun Dalsu ya ba direban da ke waje. Ya kifa wani baho a bakin ƙofa ya zauna, ya juya mana ƙeya. Malama Pyo ta mayar da murfin biro, ta dubi agogo.

"Saura awa huɗu da rabi, Malam Bang."

Ya koma bakin baho. Kaka ta shiga ciki ta fito da wasu tsofaffin silifa ta jefa masa tana mita. Awa huɗu cur Bang Dalsu yana shafa barkono a ganye bai ce uffan ba, abin da Sunok ta rantse ko a barci bai taɓa yi ba. Ba wanda ya tsokane shi, ni ma ban iya ba.

Wajen biyar da rabi, an kunna fitilu, sai Miran ta taso ta tsuguna kusa da shi. Ba ta dube shi ba. Ta yagi ɗan ganye mai laushi daga tsakiyar kabeji, ta naɗe da haɗi, ta kai masa baki kamar yadda ake yi wa wanda hannunsa ke cikin aiki.

"Buɗe. Tun safe ba ka ci komai ba."

Ya buɗe. Yana tauna hawaye suna bin kumatunsa. Ya ce, "Barkonon Yaya ne, bana ya cika yaji." Barkonona na bana ko jariri zai iya lasa, amma na ce haka ne, ya cika.

Shida daidai Malama Pyo ta sa hannu a takarda, ta ce awa tamanin sun cika, ta karɓi falmaran ta ninke. Ta ɗan rusuna masa, shi kuwa ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa baho. Sai ga Dattijo Gil ya taso daga bakin ƙofa, giya ta sake shi, fuskar nan ba annuri. Kowa ya bar abin da yake yi.

"Giyar matata ka zuba a takalmi," in ji shi. "Wannan har in mutu ba zan manta ba, kuma kai za ka je ka gaya mata da bakinka. Amma na ba ka makulli a gaban mutum hamsin, ka hau, ka sauko. Ni kaina ban tabbata zan sauko ba. Biki yana nan ranar da aka sa. Zan aiko mota ta ɗauke ka."

Dalsu ya kama hannunsa da hannu biyu, da barkono da komai, yana ta godiya yana jan hanci. Ya goge ido da kafaɗa, ya yi gyaran murya, na ga ƙirjin nan ya fara tasowa.

"Amma ranka ya daɗe, wa zai tuƙo? Don hanyar nan akwai wasu kwana-kwana guda uku da sai ƙwararre. Gara in zauna a gaba in riƙa nuna masa, ni da na shekara talatin..."

Sunok ta ɗauki rabin kabeji guda, da haɗinsa da komai, ta cusa masa a baki. Ta riƙe haɓarsa da hannu ɗaya, ta rusuna wa suruki ta ce, "A baya zai zauna, ranka ya daɗe. Kusa da ni."